Munkaila Da Layin Azahar

In ka shigo Birnin Konni ka bi layin masu gyaran waya, ka wuce rumfuna shida, ta bakwai ita ce ta Alhaji Buba. Za ka gane ta tun daga nesa, don ita kaɗai ce rumfar da iska ke fitowa daga cikinta maimakon ta shiga. Iskar ta Munkaila ce. Teburinsa yana kusurwar dama, kuma ranar da na ƙirga akwai fanka goma sha ɗaya a kansa da ƙarƙashinsa, ban da biyu da ke rataye suna jiran gyara. Shagona na fotokopi da buga takardu yana manne da rumfar, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na tsinta ba.

Munkaila haifaffen Dogarawa ne, ɗan manoma, kuma ɗan fari a wurin uwarsa. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya kusa gama firamare, sannan ya ce kansa ya cika. Ya zo Konni yin kabu-kabu da babur ɗin wani ɗan'uwansa, amma ba a daɗe ba mai babur ya karɓe abinsa. Ba haɗari ya yi ba. Abin da ya faru shi ne duk sanda aka neme shi a tasha, sai a same shi gindin dogonyaro ya kwance injin ya baje a kan buhu, yana neman abin da zai sa ya ƙara gudu. Babur ɗin ya ƙara gudun kuwa, sai dai fasinja sun daina hawa.

A gindin wannan dogonyaro Alhaji Buba ya gan shi. Alhaji ya fara da gyaran rediyo, ya koma talabijin, kuma shi ne mutum na farko a layinmu da ya buɗe cikin kwamfuta bai ji tsoro ba. Ya ɗauki Munkaila, ya koya masa aiki, ya ciyar da shi, shi ya je ya nema masa auren Ummul Khairi, kuma shi ya raɗa wa ɗiyarsu ta fari suna Wasila. Sai dai abu ɗaya ya rage. A sana'ar hannu, idan yaro ya iya aiki, maigida kan tara mutane, a yi fatiha, ya miƙa masa kayan aiki ya ce na yaye ka, daga ranar ya zama mai cin gashin kansa. Alhaji bai yi wa Munkaila wannan ba. Munkaila ya haifi ƴaƴa uku, furfura huɗu ta fito masa a gemu, amma duk wanda ya zo da inji sai ya ce, "Ina yaron Buba?" Ba mugunta ba ce. In an yi wa Alhaji maganar sai ya ce, "Sai ya ƙware." In an ce yaya za a san ya ƙware, sai ya nuna kofin da ke kan teburinsa.

Kofin na gasar zaburarwa ne, kuma ga yadda abin yake. Kowace kwamfuta akwai gudun da masu ƙera ta suka yanka mata. Amma in ka san inda za ka shiga tun ba ta gama farkawa ba, kana iya ƙara mata gudu, ka ƙara mata wuta kaɗan, ta yi aikin da ya fi ƙarfinta. Illar abin ita ce zafi. Kana matsa mata tana ɗaukar zafi, in ya yi yawa sai ta sandare, ko fuskar ta koma shuɗiya, ko ta mutu gaba ɗaya. In rabonka ya yi muni har ƙauri za ka ji. Masu gyara na Konni da Malbaza da wani mutum ɗaya daga Badagishiri sukan haɗu sau ɗaya a shekara, ranar Lahadi a cikin bazara, don a watan ne Alhaji ya buɗe rumfarsa. Ana ba kowace inji lissafi iri ɗaya mai wuya, wadda ta riga gamawa ita ta ci. Kofin kuwa faifan cikin tsohuwar kwamfuta ne guda uku aka ɗora a kan katako, aka shafa masa ruwan zinariya na gwangwani. Ba ya riƙe ko ruwa, amma masu inji wurin wanda yake riƙe da shi suke zuwa.

Dokokin gasar huɗu ne. Inji ta zama tsohuwa, duka sa'o'in juna. Ba a sa ƙanƙara, tun shekarar da wani mai gyara, Auwalu, ya jibga wa tasa har ta yi zufa daga ciki ta ƙone. Kowa da kayansa, babu aro. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake yi, kowa gwaji uku, don na'urar daidaita wuta ɗaya ce a rumfar. Alƙali shi ne Malam Habibullahi, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda bai san gaban kwamfuta da bayanta ba, amma ba a taɓa jin ya karkata ba. Ni ce mai karanta sakan ɗin da ya fito a fuska, don idona ya fi nasa.

Akwai doka ta biyar, wadda ba wanda ya kafa ta, ba kuma wanda ya taɓa kiranta doka. Ranar gasar farko Malam ya ce wa zai fara, sai kowa ya dubi Alhaji. Babba ke fara sa hannu a akushi. Daga shi sai mai bi masa, har zuwa ƙarami. To kowane mutum, tsakanin jona wayoyi da saiti da gwaji uku da gardama, yakan ci kusan awa guda, kuma su bakwai ne. Alhaji yana farawa da sanyin safe, kwanon rumfa bai farka ba. Munkaila, da yake shi ne ƙarami, layi ba ya zuwa kansa sai bayan azahar, lokacin da in ka taɓa kwanon nan sai ka tuna zunubanka.

Gasa huɗu aka yi a haka. Alhaji ya ci huɗu. Injin Munkaila ta mutu sau huɗu.

Shi kuwa maganinsa fanka. Shekarar farko ya zo da biyu. Ta biyu ya zo da biyar, ciki har da wadda ya ciro daga mataccen firiji. Ta uku ya samo fankar lagireto ta wata tsohuwar mota, ya haɗa ta da batir. Da ya kunna ta, hular Malam Habibullahi ta tashi ta tsallaka titi ta sauka a tiren mai tsire, aka dakatar da gasa har aka kankare ƙuli. Ta huɗu ya ɗauko fankar ɗakinsu. Ummul Khairi ta biyo shi har rumfa da goyo a baya.

"Baban Wasila," ta ce, "inji na shan iska, mu muna shan zuhwa. In ita za ka aura ka hwaɗi, in kawo mata gara."

Duk da haka injin ta mutu, don fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ta samu ita take turawa, kuma iskar azahar a ƙarƙashin kwano kamar numfashin tanda take.

Kowa a layin ya san wannan. Na taɓa tare shi na ce, "Munkaila, kai ma ka sani, ni ma na sani. Ka ce a juya layin gasar mana, ko shekara ɗaya."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Surayya, in ce mi? In dubi mutumin da ya cishe ni, ya yi mani aure, in ce mashi ba kai ka cin gasa ba, sanyin sahe ne?"

"Ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce, amma ba a bakina ba. Ni so nake in ci shi a inda ya aje ni. In na ci a azahar, ba ya da ta cewa."

Ya koma ya ci gaba da ɗaure fanka ta tara.

A gasa ta biyar aka samu baƙo. Badaru ne, muna ce masa Mushe kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal, wanda aka turo Malbaza daga wani gari mai nisa, mutum mai fara'a da son bayani. Ya zo da injinsa a bayan babur, ya naɗe ta da bargo kamar jinjiri. Aka tambaye shi shekarunsa, ya faɗa da murmushi, yana zaton gaisuwa ce. Aka sa shi na shida. Ya zauna tun safe yana tafa wa kowa, yana share gumi. Da layi ya zo kansa, injin ta mutu sau uku a jere. Ya dubi injin, ya dubi kwano, ya dubi agogonsa. Sai ya miƙe, a gaban mutum talatin da ɗaya, ya ce da murya irin ta aji:

"Jama'a, ku gafarce ni, amma ai wannan ba gasar inji ba ce. Duk wanda ya fara da safe shi zai ci. Ko ni aka ba ƙarfe takwas sai na ɗauki kofin nan."

Rumfa ta yi tsit, sai ƙarar fankokin Munkaila. Auwalu ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Malam Habibullahi ya shiga jan carbi da sauri. Alhaji Buba ya jira aka gama, injin Munkaila ta yi mutuwarta ta biyar, ya ɗauki kofinsa ya ajiye inda yake ajiyewa, ya tafi masallaci.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Tunda magana ta fito fili, na ɗauka za a zauna a gyara doka. Aka zauna ɗin kuwa, a shagona, ba da Alhaji ba. Mushe ya ce a jefa ƙuri'a. Malam ya ce abin ya yi masa kama da caca. Wani ya ce a mayar da gasar lokacin sanyi. Aka aika a ji ta bakin Alhaji, ya aiko cewa da sanyi ko jaki gudu yake yi. Mushe ya ce to ƙarami ya fara. Aka dube shi kamar ya ce a yi sallah babu alwala. Aka tashi a kan cewa babba ne zai ci gaba da farawa.

Sai kowa ya koma babba.

Auwalu, wanda duk Juma'a yake shafa wa gemunsa baƙi don yana neman aure, ya daina shafawa. Cikin wata biyu ya zama dattijo, har da ɗan tari idan zai zauna. Mutumin Badagishiri ya fara zuwa da sanda. Matsalar ita ce takardun haihuwarsu duka iri ɗaya ne, irin waɗanda aka yi daga baya, masu cewa an haife shi wajajen shekara kaza, kuma wajajen nan fili ne mai faɗi. Sai aka koma ga shaidar baki. Kai ka tuna shekarar fari? Ni a lokacin ina kiwon awaki. Ƙarya kake, ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar da aka zuba wa hanyar Tawa kwalta. Mutum biyu suka daina gaisawa a kan wanda ya riga wani yin kaciya.

Munkaila ma bai tsira ba. Ya lissafa cewa in ya tsallake Mushe da Auwalu zai samu hantsi, kuma a hantsi fankokinsa za su iya. Ya hau mota ya tafi Dogarawa neman shaida, Auwalu ya bi shi don kada a yi masa coge. Suka sami uwar Munkaila tana sussukar dawa. Munkaila ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, so nake ki hwaɗa ma wanga bawan Allah shekarar da anka haihe ni."

Ya manta shi ɗan fari ne. Matar da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, ita ce za ta zauna gaban baƙo ta ba da labarin haihuwarsa? Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wa? Ni ban san wani ba. Ku tambayi masu shi."

"Inna, magana ce ta aiki."

"Ku sha ruwa ku tahi, rana na yi."

Aka kira Gwaggo Kyauta, ƙanwar ubansa, wadda ba ta da kunyar kowa. Ta dubi Munkaila, ta dubi Auwalu da farin gemunsa, ta ce ita ta yanke wa Munkaila cibi, kuma shekarar ce aka kawo injin niƙa garin. Auwalu ya yi tsalle, ya manta da tarinsa, don a shekarar shi har ya fara zuwa lakwal. Ba ta tsaya nan ba, ta ƙara da cewa ma ai bakwaini ne, sai a rage masa wata biyu. Munkaila ya dawo Konni ya fi yadda ya tafi ƙuruciya.

Duk wannan Alhaji yana gani, yana gyaran kayansa. Ni dai na lura ya daina goge kofin.

Ranar gasa ta shida mutane suka cika rumfa tun da sassafe, har ƴan kabu-kabu sun jera baburansu a bakin titi. Na ƙirga hamsin da biyu na bari. Malam Habibullahi ya yi addu'a, ya ce, "Alhaji, bisimilla."

Alhaji bai motsa daga kujerarsa ba. Ya ce, "Bana ƙarami ka hwarawa. Ni ne na ƙarshe."

Sai da maganar ta zagaya rumfa ta dawo sannan sababbin tsofaffin suka gane abin da ya same su. Auwalu, da ya sha wahalar shekara guda ya hau matsayi na biyu, ya ga ya faɗo cikin rana tsaka. Ya ce shi fa gemun nan gado ne, a gidansu da wuri ake furfura. Mutumin Badagishiri ya tura sandarsa ƙarƙashin benci da ƙafa. Malam ya ce shaidar da suka kawo da bakinsu ita za ta yi aiki, kowa ya riƙe tsufansa.

Munkaila ya matso kusa da Alhaji ya rage murya. "Maigida, don Allah ka hwara. Ni ban ce komi ba."

"Na san ba ka ce ba. Tahi ka jona."

Ya jona. Iska tana da ɗan sanyi, kwano shiru. Fanka uku kawai ya kunna. Ya shiga saiti, ya matsa wa injin har inda bai taɓa kaiwa ba, ya danna. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin injin Munkaila ta kai ƙarshen lissafin, shi kansa bai san irin hoton da ke fitowa ba. Da ta gama sai ya tsaya yana kallo, yana jiran ta mutu. Na karanta: sakan talatin da bakwai. Mafi kyawun da Alhaji ya taɓa yi arba'in da ɗaya ne. Ƴan kabu-kabu suka danna oda gaba ɗaya.

Munkaila bai yi dariya ba. Ya koma kusurwarsa ya zauna, kuma duk tsawon yinin nan ba injinan mutane yake kallo ba, kwano yake kallo. Mushe ya yi arba'in da biyu, ya zagaya yana ba kowa hannu. Rana ta hau. Injin mutumin Badagishiri ta gama da ƙyar. Ta Auwalu ta mutu sau biyu, a na uku ya rage mata gudu ta rarrafa ta gama a sakan sittin da takwas, yara suna yi mata waƙar kunkuru.

Aka yi azahar aka dawo. Ma'aunin zafin da ke rataye a shagona ya nuna arba'in da shida, kuma shi a inuwar bango yake. Alhaji ya ɗora injinsa, da fankarta guda ɗaya tilo da take da ita tun fil azal. Gwaji na farko, fuska ta koma shuɗiya. Na biyu, ta ɗauke ɗif. Wani ɗan ƙauri ya fara tashi. Da zai rage mata gudu kamar Auwalu da ta gama, amma Alhaji ba zai rarrafa a gaban mutane ba, kowa ya san haka. Ya sake shiga saiti, ni da nake kusa na ga bai rage ko ɗaya ba. Daga bakin titi wani yaro ya ce, "Tsoho, a kawo ma sanyin sahe a leda?" Aka yi dariya, ba kowa ba, amma an yi.

Sai na ji ƙarar jan tebur. Munkaila ne, ya jawo teburinsa gaba ɗaya da fankokin da batir da tulin wayoyi, ya kewaye injin Alhaji da su kamar masu zaman makoki. Ya jiƙa buhun algarara ya rataya a bayan ta lagireto, dabarar da ya tanada wa azahar ɗinsa bai samu amfani da ita ba.

Auwalu ya miƙe. "Malam! Doka ta ukku! Kowa da kayanai, babu aro!"

Malam Habibullahi ya dafe hularsa da hannu ɗaya tun kafin a kunna. Sannan ya ce, "Auwalu, Munkaila yaron wa ne?"

"Yaron Buba."

"Yaro da abin hannunsa na wa ne?"

Auwalu ya ce, "Na ubangidansa."

"To mutum ba ya aron kayansa. A kunna."

Aka kunna duka goma sha ɗaya. Babbar rigar Alhaji ta kumbura ta tashi kamar zai bar ƙasa, takardun shagona suka fito ta taga, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Alhaji bai kalli Munkaila ba, bai kuma hana shi ba. Ya sa yatsa ya danna. Injin ta yi gurnani, ta yi kuka, ta riƙe. Na karanta da ƙarfi don fanka ta cika kunne: talatin da tara. A azahar, a ƙarƙashin kwano, tsohon ya yi abin da bai taɓa yi da safe ba. Yaron da ya yi maganar leda ya ja babur ɗinsa ya ɓace.

Malam ya ce, "Munkaila na ɗaya, Alhaji na biyu." Ya ɗauko kofi. Munkaila ya goge hannu a riga ya miƙo.

"Tsaya, Malam," in ji Auwalu, yana shafa farin gemunsa. "Kai da bakinka ka ce yaro da abin hannunsa na ubangidansa ne. Injin da ta yi talatin da bakwai, abin hannun wa ce?"

Malam ya tsaya da kofi a sama. Ya dubi Auwalu kamar ya mare shi, amma mutumin da bai taɓa karkata ba ba zai fara ranar ba. Ya ce, "Hukunci ɗaya ba ya zama biyu. In hwankokin na Alhaji ne, injin ma tasa ce. Kofi ya koma inda ya hito."

Munkaila ya janye hannunsa. Sannan ya sake miƙawa, ya karɓi kofin, ya kai shi teburin Alhaji da kansa, ya ajiye a daidai zanen da gindinsa ya bari a katako. Ya fara kashe fankokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ummul Khairi tana tsaye a bakin shagona da yara, na ji ta ja tsaki a hankali.

Alhaji ya bari sai da fanka ta ƙarshe ta tsaya.

"Malam," ya ce, "in ba yarona ba ne hwa?"

"To nasararsa tasa ce. Amma hwankokin sun zama aro, sakamakonka ya hwaɗi. Kai ne na ƙarshe."

"Na ƙarshe. Ƙasa da Auwalu?"

"Ƙasa da Auwalu."

"Mai sittin da takwas?"

"Shi."

Alhaji ya dubi Auwalu tun daga hula har takalmi, ya ce innalillahi. Ya daɗe yana kallon kofin. Sai ya gyara rigarsa da iska ta karkatar, ya ce, "Ai na yaye shi."

"Yaushe?" in ji Auwalu.

"Tun jiya. Mantawa na yi ban hwaɗi ba. Tsuhwa ce, kai ma ka san ta."

Malam ya dubi jama'a. "Akwai mai ƙaryata Alhaji?"

Babu wanda ya ɗaga ko gira. Malam ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Alhaji ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko na'urarsa ta gwajin wuta, wadda ko taɓa ta ba ya bari a yi, ya haɗa da kofin ya miƙa wa Munkaila. Munkaila ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Alhaji ya ce, "Tashi, kana tare muna iska."

Bai bar rumfar ba har yau. Ya ce ina zai samu wurin da zai jona fanka goma sha ɗaya. Sai dai an ja layi da fenti a ƙasa tsakanin teburan biyu, kuma in baƙo ya shigo ya ce ina yaron Buba, Alhaji ne ke fara amsawa: "Babu shi nan. In Malam Munkaila kake nema, ga shi can." Maganar layin gasa kuwa har yanzu ba a daidaita ba. Mushe ya kawo shawara ta goma sha huɗu makon jiya, Auwalu ya koma shafa baƙi amma a rabin gemu, yana jiran ya ga inda doka za ta faɗi.

Washegarin gasar ina buɗe shago na ji Alhaji ya tsallaka ɓangaren Munkaila. Ya tsaya kan fankar lagireto, hannu a baya, yana leƙa wayoyinta.

"Wagga ta mota," ya ce, "ƙaƙa ka haɗa ta da batir ba ta ƙone ba?"

Munkaila ya miƙe tsaye don girmamawa, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Sirrin sana'a ne."

Takalmin Alhaji ya wuce ta saman kansa ya faɗo cikin shagona, kusa da injin fotokopi. Ni na mayar masa.